Wasiƙun Dumbulwa da Audugar Aba

Kafin yaƙi ya watsa mu, akwai wata rumfa a bakin kasuwar Hasahisa inda mutanen ƙauyukanmu kan yada zango idan sun shigo gari. Mai shayi tana gefe da kaskon gawayinta, mu kuma muna kan 'yan kujeru, jabana tana zagayawa. A rumfar nan na san wasu dattawa biyu, dukansu Baba nake kiransu, waɗanda ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kan komai ba. Na farko, duk abin da ya faru a duniya, daga faɗuwar farashin auduga har zuwa tsutsar da ta cinye dawa, amsarsa guda ce: "An shirya ne." Na biyun ya ɗan taɓa boko, ya yi akawu a ma'aikatar gurzar auduga, shi ma tasa amsar guda ce: "Tatsuniya ce." Na daɗe ina ɗaukarsu kishiyoyin juna. Sai daga baya na lura da abin da ya haɗa su, wato a cikinsu babu wanda ya taɓa tashi daga kujerarsa ya je ya dubo.

Su ne suka faɗo mini a rai da na fara karanta tarihin zuwan kakanninmu ƙasar nan, domin na tarar da cewa shekara ɗari da suka wuce mu ne abin zargin. Manyan Turawa masu digiri da lambobin girma sun zauna a ofisoshinsu a Maiduguri da Kaduna da Hartum suna gardama irin ta dattawan nan biyu, kuma batun gardamar shi ne matafiyin da ya baro Kano ko Haɗeja da sandarsa da butarsa ya nufi gabas. Wasu sun ce alhaji ne mai neman Makka. Wasu sun ce jakada ne a cikin wata babbar maƙarƙashiya da ta tashi daga kogin Nilu har zuwa Sakkwato.

Sai mun koma baya kaɗan kafin a gane tushen tsoron. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai magana a cikin jama'arsa cewa a ƙarshen zamani za a yi ƙaura gabas, a sadu da Mahadi a wajajen Nilu. Shehu da kansa ya musanta cewa shi ne Mahadin, amma jiran bai gushe ba. Da Muhammad Ahmad ya bayyana da'awarsa a tsibirin Aba a 1881, ya kuma ci Hartum a farkon 1885, labari ya isa ƙasar Hausa. Wani jikan Sarkin Musulmi Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, wanda ke zaune a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, aka kuma naɗa shi wakilin Mahadi a ƙasashen yamma. Hayatu ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa, daga ƙarshe ɗan Rabe Fadlallah ya kashe shi a 1898, shekarar da Ingilishi suka karya daular Mahadiyya a Karari. Shekara biyar bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da ɗimbin jama'a, aka tare shi a Burmi, aka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Wasunmu jikokin wannan ayari ne. Mafi yawa kuwa jikokin waɗanda suka biyo baya ne shekara da shekaru, suna tafiya suna ƙodago, a yi damina a Wadai, a yi wata a Darfur, har a iso Jazira kuɗin jirgin Suwakin bai cika ba.

To, mai karatu, kada mu yi wa Turawan nan rashin adalci tun daga farko. Tsoronsu yana da dalili. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, ɗauke da gatura da fartanya, sun kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin da sunan Mahadi. Fansar da aka ɗauka a watan Maris ta ci rai kusan 2,000, aka shafe garin. A 1908, a nan ƙasar Halawin da ke maƙwabtaka da mu, Abdulƙadir Wad Habuba, tsohon mayaƙin Mahadi, ya kashe wani jami'in Ingilishi mai suna Scott-Moncrieff tare da ma'amur Bamisire, aka gwabza a Katfiya, aka kama shi aka rataye. A ƙarshen 1916 Kawusan ya kewaye Agadas da taimakon Sanusiyya, a daidai lokacin da Daular Usmaniyya ke kiran Musulmi su yi wa Ingila da Faransa jihadi. A 1921 Faki Abdullahi Suhaini ya auka wa Niyala da dubban mabiya, Turawa biyu suka mutu. Wanda ya ga waɗannan da idonsa, idan ya ji an ambaci Mahadi gabansa ya faɗi, ba za a ce masa mahaukaci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin tambaya shi ne yadda aka haɗa su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bore yana da nasa ciwon na gida. A Satiru akwai talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma sarakuna na gefen Turawa aka murƙushe su. Wad Habuba yana da rigimar gona a ƙasan tawayensa. Niyala akwai kukan haraji. Mai bincike zai ɗauki kowanne ya juya shi ya ga abin da ke ƙarƙashi. Wanda ya riga ya yanke hukunci kuwa zare kawai yake nema da zai shiga cikin duwatsun ya mai da su carbi guda.

Mutumin da ya fi kowa riƙe wannan zare shi ne H. R. Palmer. Ba ƙaramin masani ba ne. Shi ya fassara tarihin sarakunan Kano zuwa Ingilishi a 1908, shi ya tsaya har aka naɗa Muhammadu Dikko sarautar Katsina, ya yi Razdan na Barno, daga 1925 zuwa 1930 kuma shi ne Gwamnan Arewa. Ya ma taɓa bin hanyar alhazai da kansa daga Maiduguri har Jidda bayan yaƙin duniya na farko. Sai dai yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya buɗe littattafansa na tarihin Barno da Sahara zai ci karo da ita. Idan ya ji kalma a Barbarci ko Hausa da ta yi kama da wata a harshen tsohuwar Masar ko na mutanen Asiya, nan take sai ya ƙulla musu zumunta, ya gina tarihin ƙaura sukutum a kan kamannin sauti. Masana na baya sun yi watsi da mafi yawan waɗannan ƙulle-ƙulle. Ni dai a ganina ƙwaƙwalwar da ke yi wa kalmomi haka ita ce ta yi wa mutane. A takardun mulkin mallaka na wancan zamani za ka ga an jera Mahadiyya da Sanusiyya da 'yan kishin ƙasar Masar da Turkawa, har da 'yan gurguzun Rasha, kamar dukansu 'yan ɗaki ɗaya ne masu karɓar umarni daga bakin mutum guda.

Wanda wannan tunani ya faɗa wa a ka shi ne Malam Sa'idu ɗan Hayatu. Bayan kashe mahaifinsa da watsewar rundunar Rabe, ya girma, ya zauna a wani wuri da ake kira Dumbulwa a ƙasar Fika, cikin lardin Barno. Jama'a suka yi ta taruwa a gunsa, ana noma ana karatu ana karanta ratibin Mahadi. Ya kuma yi mubaya'a ga Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, wanda ke zaune a Sudan, wasiƙu na kai da komowa a tsakaninsu ta hannun matafiya. A 1923 aka kama shi, aka watsa zaman Dumbulwa, aka kai shi Buea can ƙasar Kamaru, garin sanyi da hazo a gindin dutse, inda ba yarensa ba danginsa. Ba a gurfanar da shi gaban alƙali an baje hujja ya kare kansa ba.

Wasiƙun gaskiya ne. Wannan shi ne wurin da Baba mai cewa "tatsuniya ce" zai yi tuntuɓe, domin alaƙar tana nan, manzanni suna nan, mubaya'ar tana nan. Amma me wasiƙa tsakanin almajiri da shehinsa take tabbatarwa? Duk wanda ya tashi a gidan ɗariƙa ya san cewa muridi a Kano yakan rubuta wa Kaulaha ko Fas ko Bagadaza, ya nemi addu'a, ya aika da hadiyya, ya kira shehinsa da sunayen girma waɗanda in baƙo ya karanta sai ya ɗauka sarki ake wa kirari. Tsakanin "suna wasiƙa da juna" da "sun tsayar da ranar tawaye" akwai kogi, kuma hujja ce kaɗai kwalekwalen da ke ƙetare shi. Palmer ya ƙetare da tsalle.

A ɗaya gefen kuma akwai Hartum. Shugaban ofishin leƙen asirin gwamnatin Sudan a lokacin, C. A. Willis, yana ganin Sayyid Abdurrahman mutum ne da za a yi hulɗa da shi, kuma mutanensa sun ɗauki ƙorafin da ke zuwa daga Nijeriya a matsayin zuzutawa. Da farko na so in ba Willis lambar mai hankali a wannan labari. Da na ƙara dubawa sai na ga shi ma yana da dalilin da zai sa ya ƙi gani. Gwamnatin Sudan ta ci moriyar Sayyid a yaƙin duniya na farko, lokacin da ta sake shi ya zaga yana kwantar da hankalin Ansar don kada su amsa kiran Turkawa. A 1919 yana cikin tawagar da ta je Landan, inda ya miƙa wa Sarki George na Biyar takobin da aka ce na mahaifinsa ne, sarkin ya mayar masa. Bayan haka ga madatsar ruwan Sinnar ana ginawa, ga shirin noman Jazira na tafe, ana bukatar hannaye dubbai, kuma 'yan yamma, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, su ne ma'aikatan da ba sa gudun rana. Wanda ke bukatar guminka ba zai so a ce kai ɗan tawaye ba ne. Saboda haka "babu komai" ɗin Hartum bai fi "akwai komai" ɗin Maiduguri tsarki ba. Kowanne ya ga abin da ya dace da teburinsa.

Abin dariya, ko abin tausayi, shi ne makircin gaske yana nan yana nuna a wani gefen da ba a kallo. A 1924 ƙungiyar Farar Tuta ta Ali Abdullaɗif ta fito da zanga-zanga, a watan Nuwamba aka harbe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira, kwanaki kaɗan bayan haka wasu sojojin Sudan ƙarƙashin Abdulfadil Almaz suka yi bore a tsakiyar Hartum. Masu wannan aiki hafsoshi ne da ma'aikatan gwamnati 'yan boko masu kallon Masar, ba malaman zaure masu jiran Annabi Isa ba. An zargi ofishin Willis da kasa hango abin, ba da jimawa ba aka ɗauke shi daga kujerar.

Shekarar 1924 ita ce ma'aunin da ya kamata a ɗora zargin Palmer a kai. Duk zargin maƙarƙashiya yana ɗauke da alkawari a cikinsa: in gaskiya ne, to ranar da dama ta samu za a ga kaza. Idan da akwai runduna ta ɓoye daga Aba zuwa Fika tana jiran ishara, babu ranar da ta fi wannan, gwamnati ta rikice, sojojinta na harbin juna, ana korar dakarun Masar daga ƙasar. Me Sayyid Abdurrahman ya yi? Ya tsaya tare da Ingilishi, ya yi amfani da bakinsa wajen kashe wutar. A 1926 suka saka masa da lambar girma ta "Sa". A lura da kyau: mutumin da aka ce shi ne kan maciji yana sanye da lambar Sarkin Ingila a Umdurman, wanda aka ce wutsiya ce kuma yana tsare a Buea saboda ya rubuta masa wasiƙa.

Na san amsar da mai ra'ayin Palmer zai bayar, domin na sha jin irinta a rumfar mai shayi. Zai ce ai kama Sa'idu ne ya hana tawayen, shirun Sayyid kuma dabara ce, yana jiran lokaci. Wato in an yi bore, ka ga abin da na faɗa. In ba a yi ba, ni na hana, ko kuma sun ƙara ɓuya. Maganar da babu wani abu a duniya da zai iya faruwa ya ƙaryata ta, ta fita daga sahun bincike ta koma aƙida. Kuma wanda ke biyan kuɗin irin wannan aƙida ba mai riƙe da ita ba ne.

A tsakanin ɓangarorin nan biyu an samu wanda ya tashi daga kujera. Gwamnatin Nijeriya ta tura wani jami'inta, G. J. Lethem, ya bi sawun alhazai zuwa Sudan da Jidda da Masar a 1925, ya zauna da 'yan yamma a zangunansu, ya yi tambayoyi. An buga rahotonsa tare da na wani abokin aikinsa, Tomlinson, a 1927, a matsayin takardar sirri kan tarihin farfagandar siyasar Musulunci a Nijeriya. Ba zan mai da Lethem waliyyi ba. Ɗan gidan Palmer ne, a Barno ya yi aiki, da tambayar Palmer ya fita, kuma bai dawo ya wanke Sayyid Abdurrahman ba, ya ga tasirinsa a kan 'yan yamma ya kuma ɗauke shi abin damuwa. Amma tafiya tana da wata albarka da zama ba shi da ita: tana cusa maka abin da ba ka je nema ba. Abin da masu tarihi suka fi amfana da shi a rahoton nan a yau shi ne bayanin hanyar kanta, garuruwan da Takari suka kafa, sana'o'in da suke yi, shekarun da tafiyar ke ci, da yadda mutum kan fito da niyyar Makka ya ƙare da gona da iyali a bakin Nilu. Ya je neman sojojin ɓoye, ya dawo da labarin manoma da 'yan ga-ruwa da masu wankau. Abin da ya biyo baya a aikace shi ne ƙoƙarin tsara tafiyar hajji da fasfo da ajiyar kuɗin guzuri. Malam Sa'idu kuwa bai ga sauyi ba. Rahoto na iya gyara fayil, amma da wuya ya sa mai mulki ya ce na yi kuskure.

Akwai kuma abin da ke faruwa a fili wanda zargin ya rufe wa kowa ido a kansa. Dubban 'yan yamma sun tafi tsibirin Aba da imani, wasunsu ma suna raɗa cewa Sayyid shi ne Annabi Isa da ake jira bayan Mahadi, abin da shi bai yarda da shi a bainar jama'a ba. Da suka isa, aka miƙa musu gatari da fartanya. Su suka sare itacen da aka sayar wa gwamnati, su suka share daji, su suka noma audugar da ta mai da Sayyid ɗaya daga cikin manyan attajiran Sudan, ladansu abinci da tufa da albarka. Ba ina faɗin haka don cin mutuncin kowa ba, da yawansu sun yi da zuciya ɗaya kuma ba su taɓa kiran abin zalunci ba. Amma in ana neman shiri mai tsari wanda ya haɗa ɗan Mahadi da gwamnatin Ingilishi da talakan ƙasar Hausa, ga shi nan a rubuce cikin kwangila da rasit. Haka a Jazira: madatsar Sinnar ta kammala a 1925, aka buɗe noman fadan 300,000 a karon farko, kakanninmu suka shiga tsinkar auduga da yashe magudanan ruwa. Da farashi ya karye a farkon shekarun 1930 masu hawasha da yawa suka gudu suka bar ta, aka ba 'yan yamma. Da kasuwa ta farfaɗo sai aka tuna cewa baƙi ne. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan ta kafa sharaɗin cewa zuriyar mutum ta kasance a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897, ranar da ta bar duk wanda ya zo bayan Burmi a bakin ƙofa. Wannan ba a ɓoye aka yi shi ba. A jaridar gwamnati aka buga.

Kada kuma a ɗauka darasin shi ne duk zargin makirci ƙarya ne. Dattawanmu da ke cewa Nasara ba ya faɗin abin da ke cikinsa suna da shaida. A 1916 Ingila da Faransa sun raba ƙasashen Larabawa a takarda a asirce alhali ana yi wa Sharifin Makka alkawarin daula, kuma 'yan gurguzun Rasha ne suka tona takardar a 1917. Kusa da gida, a 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ce "tatsuniya ce" a 1996 ya yi kuskure, kuma 'yan jarida da lauyoyi da suka bi takardu ɗaya bayan ɗaya ne suka nuna haka. Amma dubi abin da aka gina a kan wannan gaskiya. A 2003 aka ce allurar shan-inna an gauraya ta da maganin hana haihuwa don a rage Musulmi, Kano ta dakatar da rigakafi har tsakiyar 2004. Ƙwayar cutar ta bi tsohuwar hanyar nan tamu ta gabas. Sudan da ta yi shekara uku ba a ga shan-inna ba ta sake ganinta a Darfur a 2004, yara fiye da ɗari suka shanye, cutar ta ƙetare Bahar Maliya zuwa Saudiyya da Yaman, ta kai har Indunusiya. Hanyar da Palmer ya ji tsoron za ta kawo tawaye daga gabas, ita ce ta kai cuta daga yamma, kuma zargin da ba a tsaya an auna ba ne ya buɗe mata ƙofa.

A shekarar 2003 ɗin nan dai, mu ma a nan mun ɗanɗana. Jita-jita ta cika Hartum ta wayar hannu cewa akwai wasu baƙi 'yan Afirka ta Yamma da in sun gaisa da mutum sai mazakutarsa ta ɓace, wasu har suka ce aikin Yahudawa ne. Hukumomin lafiya sun ce likitoci sun duba masu ƙorafin ba su ga komai ba, amma kafin nan mai kama da mu ya san yadda ake janye hannu in ya miƙa nasa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan jita-jitar ta sha zagaya kasuwannin Nijeriya, can ma baƙo ake nunawa, kuma Bahaushe na cikin masu ihu.

Sai 2022. A watan Yuli rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu a tsarin mulkin gargajiya, wasu ƙabilun yankin suka ƙi, suna ganin sarauta ita ce matakin farko na mallakar ƙasa. Fiye da mutum 100 suka mutu a wannan wata, fiye da 200 kuma a Wad al-Mahi a Oktoba. Abin da aka riƙa yaɗawa a kanmu shi ne tsohon zancen nan da sabuwar riga: baƙi ne, an turo su ne, akwai shiri na ƙwace ƙasa. Mu kuma a wayoyinmu saƙonnin murya suka yi ta yawo, kowanne da nasa wanda ya shirya, wannan ya ce tsofaffin 'yan gwamnatin Bashir, wancan ya ce ƙungiyar Malik Agar, wani ya ce sojoji ne ke son a manta da juyin mulkinsu. Mai yiwuwa ne 'yan siyasa sun hura wutar, ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, kuma tambaya ce da ta cancanci a bi ta da sunaye da ranaku da shaidu. Amma na ga yadda "an shirya ne" ta zama hutu gare mu. Da zarar an faɗe ta, ba sauran bukatar a yi maganar dokar mallakar ƙasa, ko ta takardar zama ɗan ƙasa, ko a tambayi maƙwabcin da aka yi shekara hamsin ana cin kasuwa ɗaya da shi me ya tsorata shi har ya ɗauki adda.

Bayan da dakarun Da'amus Sari suka mamaye Jazira a Disambar 2023, Hasahisa na ciki, sannan soja suka dawo a farkon 2025, zargin ya sauka a kan mazauna kanabi, ƙauyukan ma'aikatan gona, cewa gaba ɗayansu 'yan haɗin baki ne. A Kambo Ɗayba, ranar 10 ga Janairu 2025, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 26 da aka kashe. A kowace al'umma an samu waɗanda suka bi masu bindiga, don tsoro ko don kwaɗayi, kuma wanda aka yi wa ɓarna yana da haƙƙin a bincika a hukunta mai laifi da sunansa. Abin da aka yi a maimakon haka shi ne lissafin Dumbulwa: an ga wasiƙa, an hukunta gari.

Malam Sa'idu ɗan Hayatu ya yi sama da shekara ashirin a Buea. A tsakiyar shekarun 1940 aka dawo da shi Kano, can ma a ƙarƙashin tsaro, ba a sake shi ya zama mai 'yancin kansa ba sai 1959, shekara 36 bayan kama shi, ana saura shekara guda Turawa su tafi. A watan Maris na wannan shekara Sayyid Abdurrahman ya rasu yana uban jam'iyyar Umma, ɗaya daga cikin iyayen 'yancin Sudan. Palmer ya tafi Gambiya ya yi gwamna, daga nan Kubrus, inda har yau Girkawan tsibirin ke kiran zamaninsa da sunansa saboda tsananin mulkin da ya yi musu. Ya mutu a 1958, Malam Sa'idu na tsare. Malam ya rayu a Kano har 1978.